Yadda ake kai ƙorafin lauya gaban kwamitin ladabtarwa a Abuja

Lauya mutum ne da ake damƙa wa abin da ba a damƙa wa maƙwabci: takardar fili, kuɗin gado, sirrin gida, wani lokaci har da makomar ɗan'uwan da ke tsare. Mafi yawansu suna riƙe wannan amana yadda ya kamata, amma akwai masu cin ta, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda mutanenmu, daga Kubwa zuwa Nyanya har Gwagwalada, suke ƙarewa da cewa sun bar shi da Allah, alhali doka ta tanadi wurin da ake kai irin wannan kuka, wurin kuma yana nan cikin Abuja. Tawakkali bai hana neman haƙƙi ba, kuma lauyan da aka ƙyale yau, gobe wasu marayu ne za su faɗa hannunsa.

Wurin shi ne Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda aka fi sani da LPDC. Dokar Lauyoyi ta 1975 ce ginshiƙinsa, kuma yana ƙarƙashin majalisar manyan alƙalai da dattawan lauyoyi da ake kira Body of Benchers, wato majalisar da ke rantsar da waɗanda suka kammala Makarantar Horon Lauyoyi. Wadda ta ba mutum riga da hular lauya, ita ce ke da ikon karɓe su. Ginin majalisar, wanda aka buɗe a 2022, yana yankin da hedikwatar EFCC take a ɓangaren Jabi. A cikin kwamitin akwai alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara, da manyan alƙalan jihohi, da antoni-janar, da wakilan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar wanda ya cuce ka lauya ne na gaskiya. Kowane lauya a Najeriya sunansa yana cikin kundin rajista da ke hannun Babban Magatakardan Kotun Ƙoli, kuma yana da lambar rajista tasa shi kaɗai. Duba takardun da ya taɓa shirya maka, kamar yarjejeniyar sayen fili ko takardar haya, za ka ga hatimin NBA manne kusa da sa hannunsa, ɗauke da sunansa da lambarsa. Kwafe su daidai, harafi da harafi. Idan bincike a reshen NBA ko a Kotun Ƙoli ya nuna babu wannan suna a kundin, to sojan gona ne, kuma batunsa na 'yan sanda ne, domin yin aikin lauya ba tare da rajista ba laifi ne a ƙarƙashin dokar, kwamitin kuwa masu rajista kawai yake hukuntawa. Haka nan ka riƙe cewa a kan mutum ake kai ƙorafi, ba a kan ofis ba. Idan lauyoyi biyar ne a ofishin, sai ka ambaci wanda ya karɓi kuɗinka ko ya riƙe fayil ɗinka da cikakken sunansa.

Mataki na biyu, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe, shi ne ka tantance ko abin da aka yi maka laifi ne a idon sana'ar. Faɗuwa a shari'a ba laifin ɗa'a ba ne. Yawan ɗage zama ma sau da yawa daga kotu yake ko daga abokin shari'a. Dokar ta ambaci abubuwa huɗu da ake hukunta lauya a kansu: mummunan hali na abin kunya a cikin aikinsa, wata kotu a Najeriya ta same shi da laifin da bai dace da matsayin lauya ba, shiga kundin rajista ta hanyar zamba, da kuma halin da bai kai na farkon muni ba amma ya saɓa wa mutuncin lauya. Ma'aunin da ake auna halin da shi shi ne Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya na 2023, waɗanda suka maye gurbin na 2007 suka fara aiki a watan Janairun 2024.

A aikace, abubuwan da suka fi kai lauyoyi gaban kwamitin sanannu ne. Lauya ya karɓo kuɗin haya ko kuɗin diyya ko kuɗin gidan gado da aka sayar, ya riƙe, kullum sai gobe sai jibi. Ƙa'idojin sun wajabta masa ya sanar da mai kuɗin nan take, ya ba da lissafi, kuma kada ya cakuɗa kuɗin da nasa, har ma tun 1964 akwai ƙa'idar da ta ce kuɗin wanda ake wakilta a asusu na daban ake ajiye su. Akwai wanda ke karɓar kuɗin aiki ya ƙi shigar da ƙarar, ko ya daina zuwa kotu har a kori shari'ar. Akwai mai wakiltar ɓangarori biyu masu jayayya a ɓoye, da mai fallasa sirrin da aka faɗa masa, da mai ƙirƙirar takardar bogi ko sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Duk waɗannan sun cancanci ƙorafi. Amma idan saɓaninku a kan yawan kuɗin aiki ne kawai, hanyarsa daban take: doka ta hana lauya ya kai ka ƙara a kan kuɗin aikinsa sai ya ba ka rubutaccen lissafi wata ɗaya ya wuce, kai kuma kana iya neman Babbar Kotu ta sa a tantance lissafin. Ka kuma sani cewa idan da gaske yana bin ka kuɗin aiki, yana da hujjar riƙe wasu takardunka har ka biya, don haka kada ka gina ƙorafinka a kan wannan kaɗai.

Mataki na uku shi ne tara hujja, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Kwamitin bai san ka ba, bai san lauyan ba, bai kuma ga ranar da ka zauna a ofishinsa tun safe har la'asar ana ce maka ya tafi kotu ba. Abin da ke kan takarda kawai zai gani. Je bankinka ka nemi bayanin asusu mai hatimi na watannin da ka tura kuɗin, kada ka dogara da saƙon shigar kuɗi da ke wayarka. Tattara rasit, da takardar yarjejeniyar ɗaukarsa aiki idan kun yi, da kowace wasiƙa mai ɗauke da kan takardar ofishinsa. Saƙonnin WhatsApp suna da amfani ƙwarai, musamman inda ya rubuta da hannunsa cewa kuɗin sun shigo ko zai biya ranar kaza. Ka buga su a takarda yadda lambar wayarsa da kwanan wata za su fito fili, kada ka goge komai daga wayar, kada kuma ka sayar da ita, domin Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 84 ta gindaya sharuɗɗan karɓar abin da ya fito daga na'ura, ciki har da takardar shaida mai bayyana na'urar da yadda aka fitar da bayanin. Saƙon murya da aka yi da Hausa sai an rubuta shi an fassara zuwa Turanci.

Idan batun ya shafi shari'ar da ke kotu, je rajistar kotun da lambar shari'ar ka nemi tabbataccen kwafin bayanan zama. A nan ne za a ga ranakun da aka kira shari'ar lauyanka bai halarta ba, ko a ga cewa ƙarar da ya ce ya shigar tun bara ba ta taɓa shiga ba. Idan fili ne a Babban Birnin Tarayya, binciken da ake yi a AGIS, ofishin adana bayanan filayen Abuja, zai nuna sunan da ke kan filin yanzu. Ga waɗanda suka ba da kuɗi hannu da hannu babu rasit, kamar yadda muka saba yi bisa yarda, ba a rasa mafita ba: wanda ya raka ka ranar, ko dillalin da ya haɗa cinikin, yana iya rantsuwa a kan abin da ya gani da idonsa. Sai dai shaidar mutum ba ta kai ta banki ƙarfi ba, shi ya sa mataki na gaba yake da muhimmanci.

Mataki na huɗu, rubuta masa wasiƙa. Ba sharaɗi ba ne na doka, amma ina ba da shawarar kada a tsallake shi. Wasiƙar ta zama gajera, babu zagi babu barazana: ranar kaza na ba ka aiki kaza, ka karɓi naira kaza a madadina, ina neman ka biya ni ko ka mayar mini da takarduna cikin mako biyu. Ka kai kwafi biyu, a sa hannu a buga hatimin ofis a kan naka, ko ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit. Idan ya biya, ka huta. Idan ya amsa yana neman a ƙara masa lokaci, ya amsa da bakinsa cewa kuɗin suna hannunsa. Idan ya yi shiru, shirun ma zai shiga cikin bayaninka. Su ma dattawa da 'yan'uwa da za su zo neman sulhu, a saurare su da mutunci, amma duk abin da aka cimma a rubuta shi, lauyan ya sa hannu.

Mataki na biyar shi ne rubuta ƙorafin. A ƙarƙashin Ƙa'idojin Kwamitin na 2020, ba wasiƙar koke kawai ake aikawa ba. Ana shirya takardar buɗe ƙara bisa fasalin da ƙa'idojin suka tsara, a haɗa ta da bayanin zarge-zargen, da takardar rantsuwa mai ɗauke da yadda abin ya faru, da kwafin duk hujjojin da aka dogara da su. Da Turanci ake rubuta su duka. Kana iya shiryawa da kanka, amma samun wani lauya ya duba maka ya fi, kuma kada ka ɗauka cewa duk lauya zai kare ɗan'uwansa, domin da yawansu sun fi kowa jin zafin masu ɓata musu suna. Kafin a buga, leƙa sakatariyar kwamitin ka tambayi fom ɗin da ake amfani da shi da adadin kwafin da ake buƙata.

Takardar rantsuwar ita ce zuciyar ƙorafin. Ana rubuta ta sakin layi bayan sakin layi, kowanne da lambarsa, kowanne da magana ɗaya, bisa jerin kwanaki. Misali, magajin da aka riƙe wa kuɗin gida zai ce a watan kaza magada suka wakilta lauyan ya sayar da gidan mahaifinsu da ke Karu, ga takardar wakilcin. Ranar kaza mai saye ya tura naira miliyan kaza zuwa asusun lauyan, ga shaidar banki. Ranar kaza lauyan ya ba su kashi kaza ya ce saura na tafe, ga saƙonsa. Ranar kaza suka rubuta masa wasiƙa, ga kwafinta, har yau babu amsa. Kowace hujja a ba ta alama, a ambace ta a wurin da ta dace. Dokar Shaida ta ce takardar rantsuwa bayanin abin da ya faru kawai take ɗauka, ban da muhawara da yanke hukunci, don haka kalmomi irin su ɓarawo da azzalumi ba su da gurbi a ciki. Abin da wani ya faɗa maka, ka ambaci wanda ya faɗa da lokaci da wuri. Kada ka ƙara ko sisi a kan abin da aka ci maka, kada kuma ka ɓoye abin da ya riga ya biya, domin ƙarya guda da lauyan zai kama ta isa ta raunana sauran gaskiyarka, ga shi kuma rantsuwa a kan ƙarya laifi ce mai zaman kanta. Ana rantsuwar a gaban kwamishinan rantsuwa, kamar wanda ke rajistar Babbar Kotun Birnin Tarayya a Maitama ko sauran rassanta. Wanda ba ya karanta Turanci, dole a karanta masa a fassara masa da Hausa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kuma rubuta a ƙarshen takardar cewa an yi hakan, tafintan ya sa hannu.

Mataki na shida, kai takardun. Ƙa'idojin sun ba da ƙofofi da dama: Babban Jojin Najeriya, Antoni-Janar na Tarayya ko na jiha, Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya ko na jiha ko na Birnin Tarayya, shugaban majalisar dattawan lauyoyin, shugaban NBA na ƙasa ko shugaban reshe, ko kuma kwamitin kai tsaye. Duk wanda ya karɓa, ga kwamitin zai miƙa. A tsohon tsari na 2006 sai NBA ta bincika ta gamsu kafin magana ta isa kwamitin, kuma nan ne ƙorafe-ƙorafe kan daɗe. Mazaunin Abuja ba shi da dalilin zagaye, ya kai sakatariyar kwamitin da ƙafarsa. Wanda ya fi son bi ta NBA, hedikwatarta tana kan titin Muhammadu Buhari a tsakiyar birni, kuma tana da rassa a Abuja da Bwari da Gwagwalada. Ko ina ka kai, kada ka fito sai da kwafinka mai hatimin karɓa da kwanan wata, kada kuma ka miƙa ainihin takardunka, kwafi ake bayarwa, na ainihin sai ranar zama. Ka ba da adireshin ofishin lauyan daidai, da lambar wayarsa da imel ɗinsa, domin rashin isar da sammaci yana cikin manyan abubuwan da ke jawo jinkiri.

Daga nan kwamitin zai fara duba ko akwai abin da ya kai a nemi lauyan ya amsa. Idan babu, a nan maganar za ta tsaya, a sanar da kai. Idan akwai, za a aika masa takardun, a ba shi wa'adin kare kansa a rubuce bisa rantsuwa, sannan a sa ranar zama. Kana iya tsayawa da kanka ko lauya ya tsaya maka. Ka shirya amsa tambayoyi daga ɓangarensa, wasu masu zafi, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, idan kuma Hausa ta fi maka sauƙi ka nemi tafinta tun kafin ranar. Idan an tabbatar sammaci ya isa gare shi ya ƙi zuwa, ana iya ci gaba ba tare da shi ba. Kai ma kada ka yi sakaci da halarta, domin ƙorafin da mai shi ya yi watsi da shi yana iya mutuwa.

Aikin yana cin lokaci, kuma yana da kyau ka san dalili. Raba mutum da sana'arsa babban abu ne, kotuna kuma ba sa sassauci a kan haƙƙin sauraron kowane ɓangare. A 1985 Kotun Ƙoli ta ba Gani Fawehinmi gaskiya a kan wannan kwamiti, saboda Antoni-Janar da ofishinsa ya kawo tuhumar shi ne kuma zai shugabanci zaman, wato mai ƙara ya zama alƙali. A 2019 ma kotun ta rushe hukuncin kwamitin a inda aka samu cewa waɗanda suka yanke hukuncin ba dukansu ne suka saurari shari'ar tun daga farko ba. Tsantsenin da ke gajiyar da kai shi ne ke sa hukuncin ya tsaya idan an ƙalubalance shi.

Idan aka same shi da laifi, kwamitin yana iya yin ɗaya daga uku: ya umarci a soke sunansa daga kundin rajista, ko ya dakatar da shi na wani adadin lokaci, ko ya yi masa gargaɗi. Yana kuma iya haɗawa da umarnin ya mayar da kuɗi ko takardun da ya riƙe. Ana aika umarnin ga Babban Magatakardan Kotun Ƙoli don ya aiwatar, a sanar da shugabannin kotuna da NBA, a kuma wallafa shi. Lauyan yana da kwana 28 na ɗaukaka ƙara, kuma hukuncin ba ya fara aiki sai wa'adin ya wuce ko an kammala ɗaukaka ƙarar, don haka kada ka yi mamaki idan ka gan shi a harabar kotu mako guda bayan hukunci. Wanda aka soke sunansa yana iya neman a mayar da shi daga baya, amma sai ya gamsar da waɗanda suka soke shi. Babban lauya mai muƙamin SAN bai fi ƙarfin kwamitin ba, ƙari ma akwai wani kwamiti da Babban Jojin Najeriya ke shugabanta, wanda ke ba da muƙamin, yana kuma iya dakatar da shi ko janye shi. Alƙali kuwa ba nan ake kai shi ba: na manyan kotuna Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, ake kai wa ƙorafinsa, majistare da alƙalan ƙananan kotuna kuma hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ko ta Birnin Tarayya.

Ko da yake kwamitin yana iya umartar a biya ka, ainihin aikinsa tsare mutuncin sana'ar ne da kare jama'a, ba karɓo bashi ba. Idan kuɗin masu yawa ne, ka shigar da ƙarar neman haƙƙinka a kotu tare da ƙorafin, domin ɗaya bai hana ɗaya ba. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ba da damar neman diyya a kan sakacin lauya, ban da abin da ya shafi yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali. Inda abin ya kai cin amana ko zamba, sashe na 311 da na 312 na dokar Penal Code da ke aiki a Abuja sun tanadi laifin cin amana da hukuncinsa, kuma 'yan sanda ko EFCC ake kai wa. Wanda ba shi da halin ɗaukar wani lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa ko reshen NBA mafi kusa. Idan kana da shari'ar da ke gudana a hannun lauyan da kake ƙorafi a kansa, sallame shi a rubuce, ka ɗauki wani ya shigar da sanarwar canjin lauya tun kafin zama na gaba, in ya riƙe fayil sai a nemi kwafin takardun daga rajistar kotu. Ƙarar neman kuɗi bisa yarjejeniya a Birnin Tarayya tana da wa'adin shekara 6 daga lokacin da haƙƙin ya tabbata, kuma jiran hukuncin kwamitin ba ya tsayar da lissafin waɗannan shekaru.